Ziyarar Lambunan Kadawa Da Rani

Gani ya kori ji. Manomin da ya gama kai amfanin gona rumbu, maimakon zaman gindin bishiya, gara ya kama hanyar Kano zuwa Zariya, ya sauka Kadawa ko Kura ya ga lambuna.

Ruwan da ke raya wurin daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974 a kan Kogin Kano. Babbar hanyar ruwa ce ke kawo shi, ƙanana su rarraba shi gona gona. Baƙo ya bi gefen hanyar ruwan da ƙafa da sassafe, zai ga alkama da albasa da tumatir, kore shar, alhali ko'ina ƙasa ta bushe.

Ya lura da lokaci. Alkama sanyi take so, saboda haka ana shuka ta cikin Nuwamba, a girbe wajen Maris. Wanda ya makara, zafin bazara ya tarar da ita, tsaba ta ƙi cika.

Ya kuma duba ganyen tumatir. In ya ga fari-fari kamar an kankare, tsutsar nan ce Tuta absoluta, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. Ita zafi take so. Manomi mai lura yakan tsinke ganyen da ya kamu ya binne, kuma ba ya ta maimaita magani iri ɗaya.

Daga nan ya ƙarasa kasuwar Kwanar Gafan ya tambayi kuɗin kwando. In kowa ya ɗebe tumatir lokaci guda, farashi faɗuwa yake yi. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba zai dasa nasa duka rana ɗaya ba.