Majalisar Tara a Kano da Siyena

Karaye ta ƙasar Kano ta daɗe a bakin daga. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, a nan Wambai Giwa ya zauna yana fafatawa da Katsinawa. Biranen Italiya irin su Fulorens da Siyena ma haka suka rayu: kowanne da ganuwarsa da kasuwarsa, kuma maƙwabci abokin gaba ne.

Har yawan 'yan majalisa ya zo ɗaya. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kafa majalisar Tara ta Kano, cikinsu har da Galadima da Madaki. Siyena kuwa mutum tara suka mulke ta daga 1287.

Amma Taran Kano mashawartan sarki ne. Siyena ba ta da sarki sam. Daga attajirai da 'yan kasuwa ake ɗauko taran, su yi wata biyu kacal, ci da kwana duk a fadar gari, sannan su sauka wasu su hau. Dabara ce mai kyau ta hana mutum ɗaya kankane mulki, sai dai an bar masu sana'ar hannu a waje. A 1355 bore ya kifar da taran.