Tsohon Faifan Garmaho Ya Zama Haja, A Bincika Kafin A Sallama

Yau za mu ɗan fita daga kara mu leƙa wata kasuwa da yawancinmu ba mu san tana ci ba, alhali wasunmu ɗaki ɗaya suke kwana da hajarta. Kasuwar tsofaffin fayafayan garmaho nake nufi, baƙaƙen nan masu huda a tsakiya da ake ɗora wa allura, kafin kaset ya zo ya kore su.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, a wata tafiya da na yi Kwatano fatomanmu ya ba ni labari cewa wani saurayi ya yi ta zarya gidansa yana cigiyar tsofaffin fayafayai. Akwai su kuwa, akwati guda na marigayi wansa, yana ƙarƙashin gado shekara da shekaru. Yaro ya zauna ya tsince kamar ashirin, ya taya jaka goma, fatoma ya ce albarka don dai al'ada, yaro ya ƙara jaka biyu, aka sallama. Fatoma har da dariya, wai ya sami wawa. Ni dai na ce masa, Alhaji, wanda ya tsinci ashirin ya bar ɗari ya san abin da yake nema, wanda ya aiko shi kuma ya fi shi sani.

Asalin kasuwar nan Amurka ne da Ingila, kuma kiɗa iri biyu suka fi tashe a cikinta. Akwai sol, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka irin na James Brown da Aretha Franklin, akwai kuma rok, na masu jita ta lantarki irin su Elvis Presley da ƙungiyar Beatles. A shekarun 1960 ƙananan kamfanoni a Ditroyit da Shikago sun yi ta buga waƙoƙin sol a ƙananan fayafayai masu inci 7, kowa na fatan ya kamo babban kamfanin Motown. Mafi yawansu ba su karɓu ba, suka yi kwantai aka jibge su a sito. Can kuma a arewacin Ingila sai samari 'yan ƙwadago suka kamu da son irin wannan kiɗa mai sauri, suna kwana rawa a wurare irin su Wigan Casino, wanda ya yi zamaninsa daga 1973 zuwa 1981. Mai saka faifai a irin wannan wuri, darajarsa ita ce ya mallaki waƙar da babu mai ita. To ka ji inda dillalan Ingila suka ga kafa, suka rinƙa ƙetarawa Amurka suna kwaso kwantan nan a arha. Har wata dabara masu saka faifan suke yi, su liƙe tambarinsa da takarda su rubuta sunan ƙarya, don kada abokin hamayya ya gane ya je ya nemo nasa.

Faifan da ya fi suna a wannan fage na wani Frank Wilson ne, wanda aka buga a 1965 a ƙarƙashin Motown. An buga kwafi kamar 250 na gwaji, sai mai kamfanin, Berry Gordy, ya ce masa ya zaɓa, ko ya zama mawaƙi ko ya tsaya yana shirya wa wasu waƙa. Ya zaɓi shiryawa, aka lalata fayafayan. Waɗanda aka san sun tsira ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A 2009 aka yi gwanjon guda ɗaya a Ingila a kan fam 25,742. Ɗan faifan da bai kai faifan rufe ƙwarya ba! A ɓangaren rok kuwa abin ya fi haka. Faifan farko da Elvis Presley ya biya kuɗi aka naɗa masa a 1953, mawaƙi Jack White ya saye shi dala 300,000 a 2015. A ƙarshen wannan shekara kuma aka sayar da kwafi mai lamba 0000001 na farin kundin Beatles na 1968, wanda ke hannun makaɗinsu Ringo Starr, a kan dala 790,000.

Amma fa kada wani ya ji wannan lissafi ya ruga gida ya ɗaga gado yana ganin ya yi arziki. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Faifan Jim Reeves da ya cika gidaje daga Kumasi har Duwala, ko na Michael Jackson da aka sayar da miliyoyi, ko ya shekara arba'in kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, don ko'ina akwai shi. Abin da ke sa kuɗi shi ne a ce kaɗan aka buga, kuma akwai masu nema ido rufe. Bayan haka sai lafiyar faifan, kuma a nan ne ake kayar da wanda bai sani ba. Masu sana'ar suna da matakai da suka yarda da su, waɗanda mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa, daga wanda kamar ba a taɓa ɗora masa allura ba har zuwa wanda ya sha karce. A lissafin da suka saba yi, wanda ya sauko mataki ɗaya daga mai kyau sosai rabin kuɗi yake yi, wanda ya sauko biyu kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Mai saye zai karkata faifan a hasken fitila yana neman zane, ya kwantar da shi ya ga ko zafi ya lanƙwasa shi, ya duba kwalin ko gara ta taɓa. Sannan ya karanta 'yan lambobin da aka zana a sumul ɗin wurin nan kusa da tambari, don su ne ke nuna ko bugun farko ne, ko na baya, ko ma jabu. Waƙa ɗaya ce a ciki, amma tsakanin bugun farko da na baya akwai rata mai nisa.

To ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu shi ne kiɗan nan ya sauka a garuruwan da muke kai dabbobi. James Brown ya yi wasa a Ikko a 1970. A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi babban taron Soul to Soul a Ankara ta Ghana, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka hau dandali. Samarin kurmi suka ɗauka suka gauraya da nasu. A Ikko 'yan makaranta suka kafa Ofege, suka fitar da faifansu na farko a 1973, ga kuma BLO. A Kwatano ga Poly-Rythmo, waɗanda suka yi wa kamfanin Albarika Store fayafayai masu yawa. A Inugu ga William Onyeabor. Irin waɗannan ba a buga su da yawan na Turai ba, sannan damina da gara da ƙaura sun cinye mafi yawa. Da kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin tsofaffin waƙoƙin Ghana a 2002, Analog Africa na Jamus kuma ya fitar da na Benin da Togo a 2008, sai masu tarawa a Turai da Amurka da Japan suka farga, kowa yana son na asali. Daga nan ne aka sami yaran da ke bin gida gida suna cigiya.

Ban ce yaron ya cuci fatoma ba, ciniki ne aka yi da yardar juna, kuma shi ma yana da wahalarsa, wani lokaci ya yi mako bai sami ko ɗaya mai kyau ba. Illa dai ɗaya ya san kasuwa, ɗaya bai sani ba. Yanzu kuwa sanin ba wuya. Akwai wani shafi a intanet mai suna Discogs, tun 2000 yake, idan yaronka ya rubuta sunan mawaƙi da lambar da ke jikin tambari zai ga mafi ƙarancin kuɗin da aka sayar da irinsa a shafin, da matsakaici, da mafi tsada. Sai dai a tuna wannan farashin can ne, akwai kuɗin aikawa da la'ada, kada ka ce sai an ba ka shi cif.

Wanda ke da su a gida, ya jera su a tsaye cikin kwalayensu, kada ya ɗora wani kan wani, ya nisanta su da rana da danshi. Kada a goge su da kananzir ko fetur, kuma kada a gwada su da tsohuwar allura, juyi ɗaya ya isa ta rage masu daraja. Idan gado ne, a sanar da sauran magada kafin a taɓa.

Sauran na fatoma suna nan a akwati. Na ce ya sa jikansa ya rubuta sunayensu da lambobinsu a takarda, in Allah ya kai mu tafiya ta gaba mu zauna mu duba.