Kafin ka zuba kala a fenti, duba gwangwanin

Bidiyon haɗa fenti na cikin abubuwan da ke riƙe mutum a TikTok: a ɗiga shuɗi cikin farin fenti, a juya, sai ga launi kamar sararin sama. Matasa da dama sun fara karɓar aikin fentin ƙofa, get da shago daga irin wannan kallo. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne get ɗin da ya kwana uku yana danƙo, mai gida na ta kiran waya.

Kalar da ake sayarwa a kwaɓe iri-iri ce. Akwai ta fentin ruwa, akwai ta fentin mai, wadda aka dama da sinadarin da ke narkewa a tina, akwai kuma wadda ke shiga duka biyun. Ka zuba ta mai a fentin ruwa, za ta tsinke ta yi gudaji, ta bar zane a bango. Kada ka tsaya a "Oga, ba ni ja". Faɗa wa mai shago fentin da za ka rina, ka karanta jikin gwangwanin da kanka.

Inda aka fi tafka asara shi ne neman launi mai duhu daga farin fenti. Farin yana ɗauke da hodar titanium dioxide mai ƙarfin rufewa, don haka duk jan da ka zuba, ruwan hoda zai ba ka. Ka ƙara, ka ƙara, har ka wuce iyakar da kamfani ya rubuta. Daga nan fentin ya daina bushewa da wuri, ƙyallinsa ya mutu, in lokacin hunturu ne ƙura ta manne masa. Launi mai duhu yana da nasa fentin tushe, ko ka sayi haɗaɗɗe kawai, ya fi sauƙi.

Baƙi da shuɗi kuwa ƙarfi gare su, ɗigo kaɗan ya isa. Dama kalar da ɗan fenti a ƙaramin gwangwani tukuna, sannan ka juye a babban. Auna da sirinji, ka rubuta adadin a wayarka, domin ranar da fenti ya ƙare a tsakiyar aiki, ido ba zai maimaita maka launin ba. Shafa a ɗan ƙarfe, ka bari ya bushe, ka duba a rana.

Aikin waje ya fi son ja da rawaya na iron oxide, masu kama da jar ƙasa. Ba su da ɗaukar ido, amma suna jure rana.

Sai maganar da ta fi kuɗi. Wasu kalolin rawaya da ruwan lemo na fentin mai ana yin su da dalma. Mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A can haƙar zinare ce sila, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa. Fenti ya tsufa ya ɓare, yaro ya kai baki. Kalar da aka ɗura a gora ba suna ba kamfani, bar ta, ko da rabin kuɗi ce, musamman in gadon yara ko tagar makaranta za ka shafa.

A buɗe tagogi yayin aiki, kuma tururin tina na kama wuta, don haka mai shan sigari ya matsa can.