Yadda mabiya Mao na Faransa suka rusa ƙungiyarsu da hannunsu

A farkon watan Nuwamba na 1973, jagororin wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin gurguzu mai suna Gauche prolétarienne suka yi taro kusa da birnin Paris, suka yanke shawarar kowa ya kama gabansa. Gwamnatin Faransa ta riga ta haramta ƙungiyar tun watan Mayu na 1970, amma hakan bai hana ta aiki a ɓoye ba. Abin da ƴan sanda suka kasa yi cikin shekara uku, mambobinta suka yi shi da kansu. Tambayar da wannan labari ya bari ita ce: me ke sa mutumin da ya sadaukar da karatunsa, da danginsa, da ƙuruciyarsa don wata aƙida ya wayi gari ya ce ya isa haka?

Batun bai yi nisa da mu ba. Kalmar camarade da ake ji har yau a tarukan ɗalibai da na ƙungiyoyin ƙwadago a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da muhawarar wane ne ɗan juyin juya hali na gaskiya, wani ɓangarensu ya zo ne ta hannun ɗaliban Afirka da suka yi karatu a Faransa a ƙarƙashin ƙungiyar FEANF. Omar Blondin Diop, ɗan gwagwarmayar Senegal da ya rasu a kurkukun Gorée a 1973, a Yamai aka haife shi a 1946, kuma ya fito a fim ɗin La Chinoise na Jean-Luc Godard a 1967, fim ɗin da ya nuna rayuwar waɗannan matasa mabiya Mao.

Daga aji zuwa masana'anta

Tushen ƙungiyar wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai ce, UJC(ml), da aka kafa a ƙarshen 1966 a babbar makarantar École normale supérieure ta Paris, ƙarƙashin jagorancin Robert Linhart. A ganinsu jam'iyyar kwaminis ta Faransa ta yi sanyi, ta sayar da talaka, gaskiya kuma tana ƙasar Sin inda Mao ya ƙaddamar da juyin juya halin al'adu. Bayan boren watan Mayu na 1968 gwamnati ta rusa UJC(ml), sai wasu daga cikinsu suka kafa Gauche prolétarienne. Jagoranta Benny Lévy ne, haifaffen Alƙahira a 1945, wanda mafi yawan mambobi ba su san shi ba sai da sunan ɓoye na Pierre Victor.

Ba da baki kawai suka yi ba. Samari da ƴan mata masu manyan takardun karatu suka ɓoye su, suka shiga masana'antu a matsayin leburori don su zauna da ma'aikata. Shi kansa Linhart ya yi kusan shekara guda a kamfanin motoci na Citroën, tare da baƙin ma'aikata daga Aljeriya, Maroko da Afirka ta Yamma. A watan Mayu na 1970 wasunsu suka kutsa kantin Fauchon, inda attajiran Paris ke sayen abinci, suka kwashi kaya suka raba a unguwannin baƙi matalauta. Da aka kama daraktocin jaridarsu, La Cause du peuple, fitaccen marubuci Jean-Paul Sartre ya karɓi shugabancinta don ya kare ta.

Don haka ba mahaukata ba ne, kuma zaluncin da suka gani a masana'antu gaskiya ne. Matsalar tana cikin irin gidan da suka gina don yaƙar zaluncin.

Gidan da babu taga

Faransawa suna kiran irin wannan ƙungiya secte, wato rufaffiyar ƙungiya mai ganin ita kaɗai ce a kan daidai. Alamominta kusan iri ɗaya ne ko mabiya Mao ne ko mabiya Trotsky. Mamba yana ɗaukar sabon suna. Lokacinsa duka na ƙungiya ne: taro da dare, rabon takardu da asuba a ƙofar masana'anta, sayar da jarida ranar hutu. Sannu a hankali abokansa na da su ragu, har ya zama ba shi da abokin hira, ko mai ba shi masauki, ko ma wadda zai aura sai a cikin ƙungiya.

Akwai kuma zaman da suke kira sukar kai. Wanda ya yi shakkar wani umarni zai tsaya gaban ƴan uwansa ya amsa cewa tunanin ƴan jari hujja ne ya rage a kansa. Ta wannan hanya shakka ta koma laifi. Ba a duba ko maganar mutum gaskiya ce, ana duba daga wane gida ya fito. Kuma babban abokin gaba sau da yawa shi ne maƙwabcin da ya fi kusa, wata ƙungiyar gurguzu da suka saɓa a kan fassarar jimla ɗaya.

Sirri ma yana da nasa ƙarfi. Robert Barcia, wanda ya jagoranci ƙungiyar Lutte ouvrière shekaru da yawa da sunan Hardy, ya rasu a 2009, amma sai a 2010 jama'a suka sami labari. Lionel Jospin, yana firaministan Faransa, sai a 2001 ya amsa cewa ya yi hulɗa da wata ƙungiyar mabiya Trotsky a ƙuruciyarsa, bayan ya daɗe yana musantawa.

Abubuwa uku da suka girgiza su

Na farko jini ne. Ranar 25 ga Fabrairu 1972, wani mai gadin kamfanin Renault ya harbe Pierre Overney, matashi ɗan shekara 23 mamban ƙungiyar, a ƙofar masana'antar Billancourt. Mutane wajen 200,000 suka raka gawarsa. Kwanaki kaɗan bayan jana'izar, reshen ƙungiyar na ɓoye ya sace wani jami'in kamfanin. Duk ƙasar ta zuba ido ta ga ko za su kashe shi. Bayan kwana biyu suka sake shi da ransa. A nan jagororin suka gane sun iso mararraba: ko su fara kisa, ko su ja baya. Kisan ƴan wasan Isra'ila a Munich a watan Satumba na wannan shekara ya ƙara nuna masu inda hanyar bindiga take kaiwa.

Na biyu shari'a ce. A watan Afrilu 1972 aka tsinci gawar wata yarinya, ɗiyar mai haƙar gawayi, a garin Bruay-en-Artois na arewacin Faransa. Aka zargi wani notaire, mutum mai hali a garin. Tun kafin kotu ta ce komai, jaridar ƙungiyar ta yanke masa hukunci, hujjarta kuwa ita ce mai kuɗi ne. Sartre da kansa ya rubuta a jaridar yana gargaɗin cewa wannan hanyar ɗaukar doka a hannu ce. Daga baya kotu ta wanke mutumin. Mambobi da dama sun ce daga nan zuciyarsu ta fara sanyi, domin an nemi su yarda da laifin mutum ba tare da shaida ba.

Na uku kuwa nasara ce, amma ta wasu. A 1973 ma'aikatan kamfanin agogo na Lip a Besançon suka karɓe masana'antarsu, suka ci gaba da ƙera agogo, suna sayarwa, suna biyan kansu albashi. Jagoransu, Charles Piaget, ɗan ƙungiyar ƙwadago ta CFDT ne. Ma'aikatan sun yi abin da mabiya Mao suka yi shekara biyar suna wa'azi a kai, kuma ba su nemi jagorancinsu ba. Idan talaka zai iya tashi da ƙafarsa, ina amfanin ƴan tsirarun da suka naɗa kansu masu nuna masa hanya? Watanni kaɗan bayan haka aka rusa ƙungiyar.

Labaran da suka fito daga nesa

A lokaci guda ƙasashen da ake kafa misali da su suka fara tonuwa. A 1971 masani ɗan Beljiyam Simon Leys ya buga littafin da ya bayyana juyin juya halin al'adu na Sin a matsayin rikicin neman mulki mai cike da zubar da jini, mabiya Mao na Paris suka yi masa ca. A wannan shekara Lin Biao, wanda aka gabatar a matsayin magajin Mao, ya mutu a hatsarin jirgin sama, aka wayi gari ana kiransa maci amana. A 1974 littafin Soljenitsyne a kan sansanonin gwale-gwale na Tarayyar Sobiyet ya fito da Faransanci. Daga 1975 zuwa 1979 Khmer Rouge suka mulki Kambodiya, mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi suka halaka.

Abin lura shi ne, da yawa daga waɗannan bayanai suna nan tun da daɗewa. Mambobin ba su saurare su ba sai da abin da suka gani da idonsu a gida ya buɗe ƙofa. Hujja daga waje ba ta cika fitar da mutum daga irin wannan ƙungiya ba, sai ranar da aka ce masa ya ƙaryata abin da ya gani.

Inda ba a tsaya ba

Darajar shawarar 1973 tana fitowa idan aka dubi wasu ƙasashe. A Japan, a sanyin ƙarshen 1971 zuwa farkon 1972, wata ƙungiya mai suna Haɗaɗɗiyar Jar Runduna ta kashe mambobinta 12 a maɓoyarta cikin duwatsu, a zaman sukar kai. A Italiya, Brigades rouges suka sace tsohon firaminista Aldo Moro a 1978 suka kashe shi. A Ingila, jam'iyyar WRP ta mabiya Trotsky ta kori shugabanta Gerry Healy a 1985 bisa zargin lalata da mata mambobi da dama, ta kuma dagargaje gida-gida. A Faransa ma ba kowa ya yarda da ajiye makami ba: a 1977 wasu tsiraru suka harbe mai gadin da ya kashe Overney.

Fita da tsadarta

Barin ƙungiyar bai zo da sauƙi ba. Wanda ya fita yakan rasa abokai, da masauki, da abin da yake tashi dominsa kowace safiya, sannan a bi shi da sunan maci amana. Wasu sun tsinci kansu sun kai shekara talatin babu sana'a, karatun kuma sun bar shi a hanya. An sami masu faɗawa shaye-shaye da masu kashe kansu. Robert Linhart ya buga littafinsa L'Établi a 1978 a kan zamansa a Citroën, amma bayan wata mummunar rashin lafiya a 1981 ya yi shekaru kusan ba ya magana. Ɗiyarsa Virginie ta rubuta littafi a 2008 a kan wannan shiru da kuma yadda ƴaƴan ƴan gwagwarmayar suka tashi, iyayensu na can suna neman gyara duniya.

Waɗanda suka fita ba hanya ɗaya suka bi ba. Serge July ya jagoranci jaridar Libération, wadda aka kafa a 1973, har zuwa 2006. Alain Geismar, da ya yi zaman kurkuku saboda ƙungiyar, ya koma jam'iyyar gurguzu mai sassauci, ya zama babban sufeton ilimi. André Glucksmann ya yi nisa har ya goyi bayan Nicolas Sarkozy a zaɓen 2007. Benny Lévy ya zama sakataren Sartre har rasuwarsa a 1980, daga nan ya koma nazarin addinin kakanninsa na Yahudanci, ya rasu a birnin Ƙudus a 2003.

Manyan sunaye ne ake yawan ambata, shi ya sa ake cewa duk sun sayar da aƙida sun sayi kujera. Amma akwai da yawa da ba a san sunansu ba, waɗanda suka bar ƙungiyar ba tare da sun bar talaka ba. Sun zama malaman makaranta, lauyoyi, likitoci da wakilan ma'aikata. Ma'aikata Larabawa da suka yi tafiya da mabiya Mao sun kafa tasu ƙungiya, MTA, tun 1972, don su riƙa magana da bakinsu a kan takardun zama da wariyar launin fata.

Mai shirin shiga kowace ƙungiya, ta siyasa ko wata iri, yana iya auna ta da abin da waɗannan mutane suka koya da tsada. Ana iya yi wa shugaba tambaya a gaban jama'a a kwana lafiya? An san inda kuɗin gudummawa ke tafiya? Ana hana mamba hulɗa da iyayensa da tsoffin abokansa? Wanda kuma ya ce ya bari, ana ci gaba da gaisawa da shi a hanya?