Bayani a kan farin taki, wato yuriya

Damina ta gabato, da yawa cikinmu masu hatsi mun fara jera buhunan taki kusa da masara. To, ya kamata mu san abin da muke sayarwa.

Abin da shuka take nema cikin yuriya sunansa naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore shar. Lambar nan 46 da ke jikin buhu ma'anarta kashi 46 cikin 100. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, alhali kamfa mai 15-15-15 kilo 7 da rabi gare shi. Amma kamfa yana da wasu abinci biyu da yuriya ba ta da su, kada ku ce wa manomi ɗaya suke.

Wani dattijo ya tambaye mu, wai da bawali ake yin ta? Lalle akwai ta cikin fitsarin mutum da na dabba, can aka fara gano ta. A 1828 wani Bajamushe, Wöhler, ya haɗa ta ba da fitsari ba. Ta buhu kuwa daga gas na ƙarƙashin ƙasa ake samun amoniya, a gama ta da iskar kabon, kamar yadda ake yi a Eleme da Lekki. Hankalin malam ya kwanta.

Halinta son ruwa. Mun taɓa jibge buhu 20 a kan siminti, kafin wata biyu na ƙasa sun dunƙule kamar kanwa. Ku sa katako, ku nisanta ta da hatsi, da akuya kuma, don in ta ci da yawa mushe ne.

In kuna shakkar kaya, ku zuba cokali 3 cikin rabin kofin ruwa ku motsa. Ta ƙwarai za ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannu. Yashi zai kwanta a ƙasa. Gishiri shi ma yana narkewa, don haka sai a ɗora kaɗan a cokali bisa garwashi: yuriya ta zama ruwa tana wari mai hawa kai, gishiri sai dai ya yi ta tartsatsi.

Ku gaya wa mai saye kada ya watsa ta bisa ƙasa ya tafi, iska ce za ta sha kuɗinsa. Ya tona gefen shuka, ba gindinta ba, ƙasa da danshi, ya zuba ya rufe.