Takardar Kuɗin Lauya da Kwamfuta ta Buga

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Sabon Gari, Kano, ya rubuto cewa lauyansa da ke Fagge ya miƙo masa takardar kuɗin aiki har shafi 2, bugun kwamfuta, alhali sau ɗaya tak suka shiga kotu kan rikicin rumfarsa. Wai dole ne ya biya?

To Malam, wasu lauyoyin da awa suke lissafin aiki. Nazarin takardu, rubuta wasiƙa, zaman jira a kotu, kai har wayar da ka buga masa, duk ana shigar da su kwamfuta, ita kuma ta haɗa jimla. Amma fa abin da aka zuba mata shi take fitarwa, ba ta je kotu ta gani ba.

Sai ka sa mai karatun boko ya bi maka layi-layi: wace rana, wane aiki, minti nawa. Dokar Lauyoyi ta 1975 ta hana lauya kai ka ƙara kan ladansa sai ya ba ka takarda mai bayani da sa hannunsa, kuma wata ɗaya ya cika. Cikin wannan watan ne kake da damar roƙon Babbar Kotu ta sa a duba lissafin, kada ka bari ya wuce.