Babi na Shida: Ruwan da Gulbi ke Ɓoyewa

Duk shekarar da aka yi ambaliya sai ka ji ana cewa, "Bana kam ruwa ya wadata." Wannan magana ta ishe ni. Ambaliya daban, wadatar ruwa daban, kuma Gulbin Maraɗi ya isa shaida.

Daga ƙasar Katsina ya taso, ya shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa Rima, daga can sai Kwara. 'Yan watannin damina kawai yake gudu. To, leƙa rijiyar mai lambu a fadamar Tsibiri cikin bazara, lokacin da gulbin ya zama rairayi zalla, za ka hangi ruwa a ƙasa. Wannan shi ne rumbun gulbi, kuma abin da ke cika shi yawan kwanakin da ruwa ya yi kwance yana tsuma ƙasa ne. Ruwan dare ɗaya da ya sauka kan fako, inda aka sare itace ƙasa ta yi ɓawo, tafiyarsa yake yi da ƙasar gona da katangun mutane. Shi ya sa bayan farin 1973 da na 1984 masana suka tarar ruwan sama ya ragu a Sahel, amma malalen wasu koguna, irin su Sirba, ya ƙaru.

Masu cewa ambaliya sabon abu ce su tambayi tsofaffi. Tsohon garin Maraɗi cikin kwari yake, a bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci shi, aka kwashe jama'a aka hau tudu, aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu, waɗannan da muke bi yau. Bayan shekara 28 kacal, zuriyar waɗanda suka guje wa ruwa na kallon shanu suna faɗuwa saboda fari.

Lissafin zafi gajere ne. Maraɗi na samun ruwan sama kamar milimita 500 a shekara, rana da iska kuwa suna iya shanye mita 2 daga fuskar tabki. Zafi ya ƙaru, su ƙara sha, shuka ma ta ƙara nema.

Sai hannun ɗan Adam. Tun da aka gina madatsar Jibiya, zuwan ruwa Maraɗi ya dogara har da ranar da aka buɗe ƙofa a ƙetaren iyaka. A gandun noman rani na Jiratawa kuwa, injuna ne ke zuƙo ruwan ƙasa don zogale da albasa, daga rumbun nan guda da rijiyoyin Tsibiri ke sha.